Azumin da Muka Yi wa Nama Fifita

Yau kwana biyar rabonmu da ganin rana a Kankiya. Ruwan ba ya zuba da ƙarfi balle a ce ya yi ya gama, yayyafi ne mai naci, sai ya yi kamar ya ɗauke, kina fitar da shanya ya dawo. Gishirina ya narke a cikin kwano, ashana sai na ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama, zannuwan da ke cikin akwati duk sun fara warin fumfuna. A cikin wannan markar ne Nura, ɗan ƙanena Lawal, wanda tukubar gidanmu ke hannunsa yanzu, ya ga ya dace ya yanka sa ya yi kilishi.

Da ya shigo gaishe ni jiya na tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

"Gwaggo, waya ce ta nuna za a yi rana kwana uku a jere."

"To ina ranar?"

"Ai sun canza, yanzu sun ce sai jibi."

Na dube shi kawai. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, naman na cikin firiza, in an ɗauke wuta kuma ga janareto. Gaskiyarsa ce, babu abin da zai yi asara sai man fetur. Amma ni raina ya riga ya ɓaci, don na taɓa ganin irin wannan aikin a gidan nan, kuma wancan karon babu firiza. Na ce masa ashe har wannan ma ya gada, ya tashi ya ba ni wuri.

Mu rundawa ne, abin da Kanawa ke ce wa mahauta. Kakan mahaifina, Tanko, shi ya taso daga Kusada ya kafa tukuba a kasuwar Kankiya. Da ya rasu ta koma hannun ɗansa Mati, kakana, daga shi sai mahaifina Iro, sai Lawal, ga ta yau a hannun mai duba waya. Ɗanyen nama muna sayarwa, ana yin tsire da balangu da yamma, amma kilishi shi ne abin da aka san mu da shi. Direbobin manyan motoci kan tsaya su saya, ma'aikata 'yan Kudu in za su hutu gida sai sun ƙunsa sun tafi da shi. In maza na ba da tarihin gidan, daga Tanko suke farawa su dire a kan Nura, sai ka ce naman shi ke tsoma kansa a labu. Labu shi ne haɗin da ake tsoma kilishi a ciki, kuma a cikin gida ake yin sa: a soya gyaɗa, a niƙa, a matse mai, a ɗauki tunkuzar a dama ta da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa. Wannan duk aikin mahaifiyata ne, Inna, ni kuma ina taya ta har na yi aure.

Shekarar da nake magana a kai ina da shekara sha shida, azumi kuma ya faɗo a tsakiyar damina. Daminar da ta gabace ta ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe da cikinsa, don haka tun kafin a yi shuka rumbunmu ya fara nuna ƙasa. Kafin watan azumi ya tsaya, sai dai a shiga rumbun da tsintsiya. Sabon gero ya yi kore shar a gona, ya fi mutum tsawo, amma ko tumu bai kai ba, sai dai a wuce ana kallonsa.

Da asuba Inna kan dama kunu mai ruwa-ruwa, wanda in ka leƙa kana hango gindin ƙwarya, mu sha mu ɗauki azumi. Gari na wayewa Baba ya saɓa fartanya ya nufi gonarmu ta hanyar Fakuwa, ni kuma in ɗauki kwando in bi gefen gonaki ina tsinko tafasa da rama da yaɗiya. Ba ni kaɗai ba, 'yan matan unguwa duk muna can, har sai da tafasar kusa da gari ta ƙare muka riƙa yin nisa. In rana ta fito tsakanin ruwa da ruwa, zafinta daban ne, ƙasa na huci, gumi ba ya bushewa a jiki, maƙogwaro ya kafe tun kafin azahar. Da yamma a dafa ganyen, a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli, shi ne buɗa-baki. Tuwo sai bayan kwana biyu ko uku, shi ma na dusar da aka sake tankaɗewa.

Mutumin da ke cin tafasa ba ya zuwa sayen nama. Akuya ɗaya sai ta wuni a tukuba ba ta ƙare ba, a haka jarin ya yi ta narkewa har aka daina yanka. Tukubarmu ta yi kusan wata biyu ba hayaƙi. Sai Sarkin Fawa ya aiko da saƙo cikin mutunci, ya ce mun dai san al'adar kasuwa, tukubar da Sallah ta wuce ba ta fitar da nama ba akan ba wani wurin, kuma akwai masu jira. Wato in ba a yi wani abu ba, wurin da Tanko ya kafa zai koma hannun wasu, Baba kuma ya koma ɗaukar tire a ƙarƙashin wani mahaucin.

Kaka Mati ya ce sa za a yanka a yi kilishin Sallah, a nuna wa kasuwa gidan bai mutu ba. Awakin Inna uku suka tafi kasuwa, keken Baba ya tafi, har babbar rigar da Kaka ke zuwa Idi da ita ta bi su. Baba ya taka da ƙafa har Bauranya ya koro wani jan sa mai ƙaramin tozo, aka ɗaure shi a tsakar gida. Duk abin da muka mallaka ga shi nan tsaye a kan ƙafa huɗu, yana cin ciyawar da nake yankowa yana ɓata mana tsakar gida. Kwana shida muka yi da shi a haka muna jiran rana.

Bari in gaya muku wane ne Kaka Mati. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, muryarsa tana kaiwa gida uku, kuma da an sha ruwa hannunsa na kan battar taba gari yana ɗura wa hanci. Wajen riƙe wuƙa ban ga na biyunsa ba har yau, wannan ba zan hana shi ba. Amma taurin kai, Allah ya jiƙansa! Yana da dokoki biyu da ya ce daga ubansa ya karɓa. Ta farko, kilishi ba ya ganin wuta sai ya ga rana sau biyu, kafin labu da bayan labu. Ta biyu, naman tukuba ba ya shiga tukunyar mata, abin da gida zai ci daban ake ware shi. Sannan yana da malaman da ya yarda da su a kan sha'anin sama, su ne ungulaye. Lokacin sun cika garin, ba kamar yanzu ba da yaro zai girma bai ga ko ɗaya ba. In ya fito da safe ya ga sun yi sama can suna kewayawa, to ranar za a yi rana. In suna takure a kan bishiya, ruwa na tafe. Sau da yawa yakan dace, shi ya sa ba a iya masa.

Ni kaɗai ke iya masa. Baba ko ido ba ya haɗawa da shi. Inna suruka ce, shekara ashirin a gidan ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, in ya shigo sai ta durƙusa ta ja mayafi, in tana da magana ta aike ni. Ni kuwa jika ce, wasa ke tsakaninmu. Yana ce mini amarya, ina ce masa ango mai hancin taba, abin da ya zo bakina in faɗa masa a yi dariya a wuce.

Ranar ashirin da ɗaya ga azumi gari ya waye da ɗan haske. Kaka ya tsaya a ƙofar gida ya sa hannu a goshi yana duban wajen Fakuwa. Ga su can kuwa da yawa, sun yi sama suna juyawa.

"Iro! Wasa wuƙaƙe, yau za a kada san nan."

Baba ya fito ya durƙusa. "Baba, gabas hwa da ɗan duhu."

"Duhun mi? Kai ka hi ungulu sanin sama? Tashi ka kama igiya."

Kafin hantsi ya yi nisa an gama a kwata. Kayan ciki da kai da ƙafafu da ƙashi aka bari a kasuwa aka sake su da arha, tsokar kuma aka kawo gida. Kaka ya zauna a kan buzu ya fara aiki. Zai ɗauki curin nama ya ɗora a tafin hannu, wuƙa na tafiya naman na warwarewa, har ya zama shimfiɗa mai faɗi wadda kana ganin inuwar yatsunsa ta bayanta. Baba na yi a gefensa, ni ina kwasa ina shimfiɗawa a kan gadajen kara a tsakar gida. Rana ta buɗe sosai har naman ya fara duhu a gefe-gefe. Kaka ya ɗago ya ce, "Amarya, gaya ma ubanki shi dubi gabas yanzu."

Ana kiran azahar iska ta juya. Na ji sanyinta a bayan wuyana kafin in ga komai. Hadarin ya taso baƙi ƙirin, kafin mu kwashe rabin naman ruwa ya sauko. Inna da Lawal goye a bayanta tana tattara nama a cikin zaninta, Baba ya ɗauki gado guda a ka yana santsi a cikin taɓo, ni ina gudu tsakanin ɗaki da tsakar gida, Kaka kuma na tsaye a bakin zaure yana sanar da mu cewa mai wucewa ne. Bai wuce ba. Da ƙarfinsa ya ragu sai ya koma yayyafi irin wannan na yau, ya samu wuri ya zauna.

Aka ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango, a ɗakin Inna da ɗakin Baba da zaure, muka rataye naman kamar wanki. Kaka ya ce iska kawai yake bukata kafin rana ta dawo, don haka a yi masa fifita. Aka raba mana fayafayai, ni da Inna da Baba da wasu maƙwabta mata biyu da suka ji tausayinmu suka shigo. Ku duba mini wannan abu. Mutane masu azumi, ciki ba komai sai ruwan kunun asuba, muna zaune a ƙarƙashin naman sa guda muna yi masa fifita kamar wani basarake. Hannu ya gaji a sauya, wancan ma ya gaji, kafaɗa ta riƙe. Soro na yoyo, a matsar da igiya nan, ɗigon ya koma can, a sa kwano a tara. Can cikin unguwa muka ji rugugin katangar wani ta zube, ba wanda ya tashi ya leƙa. Da aka sha ruwa kwaɗon tafasa muka ci, nama na lilo a saman kawunanmu, ba wanda ya isa ya yanki ko loma ɗaya saboda na tukuba ne. Ranar na yi kuka, kuma haushi ya fi yunwa yawa a cikin kukan.

Washegari ruwan na nan yadda muka bar shi. Da hantsi wani mutumin Fakuwa ya fake a zaurenmu, a cikin hira yake cewa jakin maƙwabcinsa ne ya mutu shekaranjiya aka ja shi bayan gari, jiya da safe ungulayen duniya suka taru a kansa. Baba ya sunkuyar da kai. Ni na dubi Kaka ido cikin ido. Ya ce mutumin ya cika surutu da azumi a bakinsa.

A lokacin naman ya fara canzawa. Jan ya dushe, gefen wasu ya fara yauƙi, korayen ƙudaje sun shigo ko ta ina, ga wani ɗan wari mai tsami da ke tarar mutum a bakin ƙofa. Inna ta ji, Baba ya ji, maƙwabta sun ji sun fara duban juna. Mutum ɗaya ne bai ji ba, don shekara hamsin na taba gari sun kashe masa hanci, kuma shi ne mai yanke hukunci.

Baba ya yi ta maza ya durƙusa a gabansa. "Baba, ko a ɗan nuna mishi wuta, ko da hayaƙi ne?"

"Banda? Gidan Tanko za a yi banda? Mu masunta ne? Rana tana tahe, ku ci gaba da hihita."

Inna ta yafito ni zuwa madafa, ta rage murya. "Hajara, naman ga ba shi kai gobe. In anka bar ni yanzu, a yanke inda ya taɓu, in dahwa, a daka, in soye shi dambu. Dambu shina wata uku bai yi komi ba. Ga man da na tara."

Man nan na san shi. A gidanmu tunkuza ta tukuba ce, man da aka matse kuma na wadda ta matse ne. Tulu biyu Inna ta tara tun bazara, tana jiran Sallah ta sayar ta mayar da ko akuya ɗaya cikin ukun da suka tafi.

"To ki gaya mishi mana, Inna."

"Ni? Kin taɓa jin na yi mishi magana? Tahi ke, angonki ne."

Na same shi a zaure yana zaune a ƙarƙashin igiya da faifai a hannu.

"Ango, naman nan ya fara wari."

Ya jawo ɗaya ya kai hanci ya shaƙa sosai. "Ƙalau shike."

"Da wane hancin ka ji? Wanda taba ta cinye tun ban zo duniya ba? Kai ko mushe anka aza maka bisa gemu ba ka ji."

"Ke amarya, kiyaye ni."

"Ba ni kiyayewa. Awakin Inna na rataye nan, keken Baba na rataye nan, rigarka ma ga ta nan tana ruɓewa. Gobe in ya lalace, kai za ka tahi ka gaya ma Sarkin Hwawa, ko Baba za ka tura?"

Wannan ya wuce wasa, na sani, shi ma ya sani. Baba ya daka mini tsawa. Kaka ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi, amma bai sauko ba. Ya ce shi ya yi shekara hamsin yana kilishi, ɗiyar jiya ba za ta koya masa nama ba. Na fita tsakar gida cikin ruwan ina huci, sai na ɗaga kai. A kan soron Inna ungulaye huɗu ne a jere, jiƙe sharkaf, sun takure wuya suna leƙen ƙofa. Kullum a kwata suke ko a kan kukar bayan kasuwa, ba su taɓa sauka a kan ɗakinmu ba.

Na koma na kama hannun rigarsa. "Taso ka gani, malamanka sun zo gaishe ka."

Ya fito ya tsaya, ruwa na sauka a kan hularsa, ya daɗe yana kallonsu. Ɗansa ya faɗa bai ji ba, na faɗa bai ji ba, hancin mutum biyar bai isa shaida ba, sai da tsuntsayen da suka jefa mu cikin wahalar suka zo da kansu. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kurma ihu.

Kuma bai ce a yi ba. Gyara hula ya yi ya ce, "Ni za ni masallaci, kuma ina daɗewa. Abin da anka yi bayana ban sani ba."

Bai gama fita zaure ba Inna ta miƙe ta ci ɗamara. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta miƙa wa Baba wuƙa ta ce ya bi naman ɗaya bayan ɗaya, duk inda ya yi yauƙi ko ya sauya launi ya yanke ya zubar, kada ya ji tausayi. Abin da aka zubar ya cika kwando. Aka aro manyan tukwane a unguwa, ɗaya daga wurin Maman Uche, matar wani ma'aikacin asibiti ɗan Kudu da ke haya a bayanmu. Ta biyo tukunyarta da lema ta zauna, da yake kuma ita ba ta azumi, ita muka naɗa mai ɗanɗano. Naman sirara ne, bai daɗe ba ya dahu da gishiri da albasa da citta. Aka jera turmi uku a ƙarƙashin rumfa muka hau daka, tururin naman na dukan fuskokinmu, yawu na taruwa muna tofarwa. Maman Uche ta ɗiba ta tauna ta ce, "Gishiri ya yi. Yaji kuma ku tsoro kuke ji, ƙara."

Sai maganar itace ta taso. Duk itacen garin a jiƙe yake. Ɗan busasshen da Inna ke ɓoyewa a ƙarƙashin gado saboda kunun asuba ya tafi wajen dahuwa. Muka karya gadajen karan da muka shigar ɗaki, suka ci fuu suka mutu. Kaskon farko na kan murhu, mai ya fara zafi, wuta ta koma hayaƙi. Baba ya saro reshe a waje, aka tura shi, sai kumfa yake fitarwa ta gindi. Muka yi ta hurawa har idanunmu suka yi ja. Ga dakakken nama tuli a cikin ƙore da ɗuminsa da laimarsa, Inna kuma ta ce in bai soyu yau ba gara ma da an bar shi a kan igiya. 

Bayan la'asar Kaka ya dawo. Ya zo ya tsaya a bakin madafa, inda ban taɓa ganin ƙafarsa ba. Ya dubi hayaƙin, ya dubi naman, ya dubi tulunan man da aka buɗe. Ya juya ya koma zaure. Jim kaɗan muka ji ana mirgino wani abu mai nauyi.

Gungumen sara ne. Kututturen kirya ne da Tanko ya zo da shi daga Kusada, a kansa ya yi sana'arsa, a kansa Kaka ya koya, a kansa Baba ya koya. Tun da aka daina yanka aka dawo da shi zaure don kada ruwa ya taɓa shi. Tsakiyarsa ta lotsa saboda sara, ya yi baƙi yana ƙyalli, kitsen shekara da shekaru ya ratsa shi har ciki.

"Iro, miƙo gatari."

Baba bai motsa ba. "Baba, na Kaka Tanko ne hwa."

"Na san ko na wane ne. Ubana ne, ba naka ba. Miƙo."

Baba ya kasa. Ni na ɗauko na ba shi. Tsoho mai shekara saba'in, da azumi a bakinsa, ya ɗaga gatari ya sauke. Saran farko gatarin tsalle ya yi. Sai a na biyar ko na shida gungumen ya tsage. Daga nan Baba ya karɓa ya ƙarasa faskarawa, yana yi yana hawaye, bai ma ɓoye ba.

Ban taɓa ganin itace ya ci wuta irin wannan ba. Kitsen na tartsatsi, harshen wutar tsaye ba hayaƙi, zafinta ya kori kowa baya in ban da Inna. Ta juye mai ta zuba nama ta yi ta juyawa, har ya yi ja, ya warware, ya bushe, yana ƙara a cikin kasko kamar yashi. Kasko bayan kasko, wutar ba ta mutu ba sai da na ƙarshe ya sauka, man Inna kuma bai rage ko na miya ba.

Kaskon farko ya sauka daidai kiran magariba. A gidanmu duk kilishin da aka gasa, mai tukuba ne ke fara ɗanɗanawa kafin a fitar. Inna ta zuba a ɗan akushi ta ce in kai zaure. Kaka ya sha ruwa, ya dubi akushin, bai sa hannu ba.

"Mai da ma uwarki. Yau ita ke da tukuba."

Na kai mata na faɗa. Ta ce in rufa mata asiri kada wani ya ji, ta juya baya ta ci loma ɗaya, ta daɗe ba ta juyo ba. Da ta juyo cewa ta yi yaji ya yi yawa, Maman Uche ta cuce mu. Ranar kowa ya samu cikin tafin hannu, har maƙwabtan da suka taya mu.

Ƙarshen kasuwar ba shi da tsawo. Ana saura kwana uku Sallah Baba ya fitar da dambun a tukuba. Wasu rundawan suka yi ta dariya wai gidan Tanko sun koma sana'ar mata, amma kafin jajibiri ya ƙare tas, da abin da aka samu aka yanka tunkiya ranar Sallah. Sarkin Fawa bai sake aikowa ba. Tun daga shekarar ake ajiye dambu a gefen kilishi a tukubarmu.

Amma washegarin suyar, rana ta fito. Ba 'yar leƙe ba, rana sosai, sama wankakke tas, kuma kwana uku ta yi tana yi. Kaka ya fito tsakar gida ya sa hannu a goshi, ya ce da ƙarfi yadda gida uku za su ji, "Ban hwaɗa maku tana tahe ba?"

 Na yar da tsintsiyar da ke hannuna na bi shi zaure, bakina cike da magana, na shirya in wanke shi tas. Na same shi tsaye a kusurwar da gungumen ke zama, inda ƙasa ta yi ɗan rami zagayayye. Ya fito da wuƙarsa zai wasa kamar kowace safiya, a kan gungumen yake ɗora dutsen washi, ga dutsen a ɗaya hannun yana dube-duben inda zai ajiye shi. Na juya zan koma in ɗauki tsintsiyata.

"Amarya, kira min ubanki."

Baba ya zo ya durƙusa. Kaka ya miƙa masa wuƙar ta wajen ƙota, sannan ya miƙa masa dutsen.

"Ka nemi naka gungume. Ni hannuna bai san wani ba."

Ya rayu shekara tara bayan nan. Kullum yana zuwa kasuwa, ya zauna a kan buzu a bayan tukuba, yana gaya wa Baba wannan ya yi kauri, wancan ya yi siriri, yana faɗa da masu neman ragi. Amma bai sake sa wuƙa a jikin nama ba, ko ragon layyarsa sai dai ya tsaya a gefe Baba ya yanka masa.